Bayan Windows 10: a canja furosesa ne, ko a canja kwamfutar gaba ɗaya?

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, bayan shekara goma da fitowarta. Washegari kowa ya kunna kwamfutarsa ta tashi lafiya lau, shi ya sa da yawa daga cikinmu a zango ba mu ɗauki maganar da zafi ba. Abin da ya tsaya ba abin gani da ido ba ne: facin tsaro ne da kamfanin ke aikowa kowane wata don toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke ganowa. An bar wa masu kwamfuta ta gida wata 'yar kafa ta ƙarin shekara ɗaya, ita ma za ta rufe ranar 13 ga Oktoba 2026.

Wannan magana ta shafe mu fiye da yadda ta shafi mutanen Turai. Je ka duba ɗakin kwamfuta na kowace makaranta a Nima ko Mamobi, ko Aboabo a Kumasi, ko kafe ɗin da ake duba sakamakon jarrabawa da gurbin shiga sakandare, ko shagon mai buga takardu. Kusan duka hom-yus ne: Dell da HP da Lenovo da wani ofishi a Ingila ko Jamus ko Amurka ya gama cin moriyarsu, aka loda su a kwantena suka sauka Tema. Kwamfutoci ne masu ƙarko, ba wanda ya musa. Sai dai yawancinsu Windows 11 ba ta karɓar su. Nan ne tambayar ta taso, kuma a bakin hedimastoci da masu kafe nake yawan jin ta: tunda an ce furosesa ce ta tsufa, me zai hana a cire ta a sa sabuwa, a huta da sayen wata kwamfuta?

Amsata a gajarce ita ce, ga mafi yawan kwamfutocin da ke hannunmu canjin furosesa ba zai yiwu ba, inda kuma zai yiwu ba zai buɗe ƙofar da ake so ya buɗe ba. Akwai togaciya guda ɗaya, zan zo kanta.

Mu fara da abin da Windows 11 ke nema. Ram gigabait 4 da ma'aji gigabait 64, waɗannan ba su da wuya. Sai wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Sai babban sharaɗin: furosesar Intel ta kasance daga zubi na 8 zuwa sama, wato abin da 'yan kasuwa ke ce wa janareshan. Zubi na 8 ya fito ne a 2017. Na AMD kuma daga jerin Ryzen 2000 zuwa sama, shi ma ba duka ba. Gane zubin ba ya buƙatar injiniya. A lambar da ke bin sunan furosesa ake gani: i5-6500 zubi na 6 ce, i5-7300U na 7, i5-8250U na 8. Idan lambar ta fara da 10 ko 11 ko 12, to wannan ne zubinta. Idan kuma lambobi uku ne kacal, irin i5-520M, wannan kaka ce, zubin farko. Kafin a yanke wa kowace kwamfuta hukunci, a sa mata manhajar PC Health Check ta Microsoft, kyauta ce, za ta faɗi dalilin ƙin karɓa. Wani lokaci furosesar ta cancanta, TPM ɗin ne kawai aka kashe a cikin BIOS. Kunna shi aikin minti biyar ne, ba sai an sayi komai ba.

To, laftof dai a cire ta daga lissafi tun farko. Tun wajen zubi na 5 masu ƙera laftof suka koma liƙe furosesa a jikin babban allo da dalma. Ba gurbi gare ta ba balle a zare a sa wata. Na ƙarshe da ake iya zarewa su ne wasu na zubi na 4, irin su ThinkPad T440p, su ma abin da za a sa musu na zubi na 4 ne. Idan mai gyara ya ce maka zai mayar da laftof ɗinka daga i3 zuwa i7, abin da yake nufi shi ne zai canja allon gaba ɗaya, wato kusan rabin kwamfutar, da allon da ya kwance daga wata gawa. Ka tambaye shi kuɗin, ka kuma tambayi kuɗin laftof hom-yus ta zubi na 8. Sau da yawa tazarar ba ta kai a ɗauki kasadar ba.

Kwamfutar tebur ce ke ruɗar mutane, domin ita furosesarta tana zaruwa. Ga inda tarkon yake. Intel ya yi amfani da gurbi mai suna ɗaya, LGA1151, ga zubi na 6 da na 7 da na 8 da na 9. In ka ɗauki furosesar zubi na 8 za ta zauna daidai a gurbin allon zubi na 6, kamar don shi aka yi ta. Ka kunna, shiru. Allunan zubi na 6 da na 7 ba sa tuƙa na 8, haka kamfanin ya tsara. Saboda haka Dell OptiPlex 7040 ko 7050, ko HP EliteDesk 800 G2 ko G3, waɗanda suka cika shagunan Tip Toe Lane a Sakul da na Adum, ba sa wuce zubi na 7. Taki ɗaya ya rage musu su tsallaka, amma takin ba ya takuwa.

Sai wani ya ce to a canja allon ma. Nan kuma Dell da HP suna ƙera allunansu da akwatinsu da na'urar ba da wuta a kan nasu tsarin, yadda allon kasuwa ba lallai ya shiga akwatin ba, fulogin wutar ma daban. Idan kwamfutar ta zubi na 4 ce ko ƙasa, ram ɗinta DDR3 ne, sabon allo kuma DDR4 yake ci. Ka sayi furosesa, ka sayi allo, ka sayi ram, ka sayi na'urar wuta, wataƙila da akwati. Ai ka sayi sabuwar kwamfuta ke nan guntu-guntu, da tsada, ba tare da garanti ba.

Akwai kuma masu cewa su ba ruwansu da Windows 11, gudu kawai suke nema, don haka za su cire i5 su sa i7 na zubi ɗaya. Wannan yana yiwuwa a kwamfutar tebur. Amma mu yi wa juna gaskiya: ga mai aikin Word da Excel da cike fom a intanet, bambancin i5-6500 da i7-6700 ba zai gan shi ba. Mai haɗa bidiyon biki ko mai zanen fosta shi ne zai ɗan ji sauƙi. Mu nan kuwa alamar i7 da aka manna a jikin kwamfuta ta zama kamar sarauta, ana ƙara mata kuɗi ba a tambayar shekarunta. Ganin kitse ake yi wa rogo. Ƙaramar i3-8100 ta cancanci Windows 11, i7-7700 da ta fi ta tsada ba ta cancanta ba.

Togaciyar da na ce ita ce AMD. Gurbinsa mai suna AM4, wanda Ryzen na farko ya zo da shi a 2017, ya daɗe yana aiki. Wanda ya haɗa kwamfutar tebur da kansa a kan allon A320 ko B350 da Ryzen 5 1600, a yau yana iya sabunta BIOS ya sa Ryzen 5 5600, ya ci gaba da ram ɗinsa da akwatinsa da komai. Ya sami gudu na gaske, ya kuma sami Windows 11. Wannan shi ne canjin furosesa mai ma'ana. Sai dai irin waɗannan a hannun samari masu wasan gem da masu aikin bidiyo suke, ba a ɗakunan karatu ba. Kuma ko su, sai an duba shafin kamfanin da ya ƙera allon an tabbatar ya fitar da BIOS ɗin, a kuma sabunta shi tun tsohuwar furosesar tana ciki. A yi shi a kan UPS ko lokacin da aka tabbata da wuta, domin in dumso ya riske ka a tsakiyar sabunta BIOS, allon na iya tafiya ke nan.

Yanzu batun nauyi, wanda shi ne ainihin kukan mafi yawan mutane. Kwamfutar da ke ɗaukar minti biyar kafin ta tashi, da wuya laifin furosesa ne. A buɗe Task Manager lokacin da take jan ƙafa, a dubi ginshiƙai uku. Galibi za a tarar furosesa tana hutawa, ma'aji ne ya cika ɗari bisa ɗari, ko ram ya ƙure. Tsohon ma'aji mai juya faifai, wato HDD, shi ne sanyin gwiwar yawancin hom-yus. A cire shi a sa SSD, ko mai gigabait 256 ne, a ɗaga ram daga 4 zuwa 8, kwamfutar 2015 sai ta koma kamar yarinya. Sannan ƙura. Hunturu ɗaya ya isa ya toshe fankar kwamfuta a Tamale ko Wa, ita kuma furosesa in ta ji zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. A buɗe a hure, a sa sabon man sanyaya a kanta. Wannan gyara ba ya kai kuɗin kati na wata guda, amma shi ne aka fi mantawa.

SSD da ram suna da wata fa'ida da furosesa ba ta da ita: SSD yana bin ka duk kwamfutar da ka koma, ram ma haka in irinsa ɗaya ne. Furosesar zubi na 6 kuwa tare da allonta za ta mutu.

Sai dai ram ɗin ma yanzu ba araha ba ne. Tun rabin ƙarshe na 2025 farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a duniya. Kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan duk kasuwar, Samsung da SK hynix da Micron, kuma sun karkata masana'antunsu wajen ƙera irin ram ɗin da manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira ke saye da tsada, suna kuma janye hannu daga DDR4. A Disambar 2025 Micron ya sanar zai rufe sashensa na Crucial, wanda shi ne ke sayar wa talakawa irinmu ram da SSD. Sidi ta yi ƙarfi a kan dala a 2025, abin da ya kamata ya sauƙaƙa mana kayan waje, amma a wannan fannin tsadar duniya ta cinye ribar. Abin da wannan ke nufi ga mai saye shi ne, kwamfuta hom-yus da ta zo da ram 8 ko 16 a cikinta ta fi wadda aka ce maka ka saya da 4 ka ƙara daga baya.

Abin da ya fi damuna shi ne kasuwa. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta tun ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan sauyi. Ina ake zaton za su? Bankuna da asibitoci da ofisoshin Turai dole su sauya, kuma hanyar da tsofaffin kayansu ke bi mun san ta. Za mu ga laftof masu kyau, fes da su, a farashin da zai sa mutum ya ce ya yi tsuntuwa. Da yawa za su zo da Windows 11 a kai, domin akwai dabarar tsallake sharuɗɗan, ƙaramar manhaja irin Rufus ma tana yi. Mai saye zai ga Windows 11 ta buɗe, ya biya, ya tafi. Microsoft dai ya faɗa a fili cewa kwamfutar da aka ɗora wa ta haka ba ta da haƙƙin samun sabuntawa. Yau tana samu, gobe ba tabbas, kuma duk shekara in sabon zubin Windows ya fito sai an sake komawa wurin mai gyara. Ban ce dabarar haramun ba ce. Wanda ya san abin da yake yi da kwamfutarsa ta gida, ruwansa. Abin da ba daidai ba shi ne a sayar wa mutum ita a farashin wadda ta cancanta ba a gaya masa ba.

Don haka mai saye kada ya tsaya ga fuskar allo. Ya shiga Settings, ya nemi About, ya karanta lambar furosesa da idonsa. Kada ma ya dogara da sunan samfurin kawai. ThinkPad T480 da Latitude 7490 da EliteBook 840 G5 an san su da zubi na 8, amma akwai waɗanda aka fitar da furosesar zubi na 7 a ciki. Kuma a laftof tazarar 7 da 8 ba ta takarda ba ce kawai: i5-7300U ƙwayoyin aiki biyu gare ta, i5-8250U huɗu. A gefe guda, a yi hattara da sababbin laftof masu araha a kwali, masu Celeron da ram 4 da ba a ƙarawa. Sun ci jarrabawar Windows 11, amma tsohuwar i5 ta fi su aiki nesa ba kusa ba. Araha ba ta ado.

Wani zai ce, shin dole ne ma? Mutane nawa ke kan Windows 7 har yau, tun da aka daina kula da ita a Janairun 2020, kuma ba abin da ya same su? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ta danganta da aikin kwamfutar. Wadda ke ɗakin karatu ba ta taɓa ganin intanet ba, yara na koyon buga rubutu da ita, a bar ta ta yi ta aiki har ranar da ta gaji. Abin kula kawai filashin da ake soka mata. Amma wadda ake shiga banki da ita, ko ake ajiye hotunan katin Gana na kwastomomi da takardun haihuwa da sakamakon jarrabawa, wannan wata magana ce. A Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya bi ta wata ƙofa a Windows wadda Microsoft ya riga ya fitar da facinta wata biyu kafin nan, ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Waɗancan faci yana nan, sakaci ne ya hana su sawa. Mai Windows 10 bayan wa'adi ko ya so ba facin. Sannan sauran manhajoji su ma a hankali suke janyewa: Chrome ya bar Windows 7 a farkon 2023. Ga mai kafe, ranar da shafin rajista ya ƙi buɗewa a tsohon burauza, ranar ce kasuwa ta koma maƙwabci. Kuma Dokar Kare Bayanai ta 2012 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su, ba ta ware ƙaramin shago ba.

Ƙarin shekarar da na ambata, wadda ake kira ESU, ana samun ta ta hanya uku: a biya dala 30, ko a yi amfani da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kyauta in mutum ya shiga da akawun ɗin Microsoft ya yarda a ajiye saitinsa a can. Akawun ɗaya yana ɗaukar kwamfuta har goma. Kamfanoni dala 61 ne a shekarar farko, yana ninkuwa duk shekara har uku. Makarantu kuwa dala 1 ne, sai 2, sai 4. Farashin makarantun ya yi daɗin ji, amma ta hanyar lasisin hukuma ake bi a same shi. Kuma sharaɗin duka shi ne Windows ɗin ta zama zubin 22H2 mai lasisi na gaskiya. Mu kuwa mun san yadda ake ɗora Windows a bayan shago. Wanda tasa ta cika sharaɗi ya yi rajista yau, amma ya sani lokaci ya saya na tara kuɗi, ba magani ba.

Ga makarantu, ni ina ganin hanyar da ta fi ita ce wadda aka fi gudu. Makarantar da ke da kwamfuta ashirin na zubi na 4 ko na 6 ba ta da kuɗin sauya su, kuma ba dalilin zubar da su. Linux Mint 22 da Ubuntu 24.04 kyauta ne, suna gudu sosai a kan irin waɗannan, kuma za a ci gaba da aiko musu facin tsaro har 2029. LibreOffice na yin aikin rubutu da lissafi da gabatarwa. Ba abin talakawa kaɗai ba ne: jihar Schleswig-Holstein a Jamus tana mayar da kwamfutocin gwamnatinta kusan 30,000 kan wannan hanya. Matsalar da malamai za su kawo gaskiya ce, littattafan darasin kwamfuta da tambayoyin jarrabawa da fuskar Word da Excel suka saba. Mun tuna Richard Appiah Akoto, malamin nan na yankin Ashanti da ya zana fuskar Microsoft Word da alli a kan allo a 2018 saboda makarantarsa ba kwamfuta, hoton ya zaga duniya. Abin da ya sa ya zana Word ba wani abu ba, shi ne ita ake tambaya. Maganin wannan ba wuya: a bar kwamfuta uku ko huɗu a kan Windows ba tare da intanet ba don 'yan ajin jarrabawa su san fuskarta, sauran da ke shiga intanet a mayar da su Linux. Abin da za a kashe shi ne horar da malami ɗaya na kwana biyu ko uku. Sai a gwada firinta tukuna kafin a sauya duka, don wasu tsofaffin firintoci suna gardama.

Microsoft yana cewa tsaro ne ya sa ya ja layin a zubi na 8, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma layin da ya raba kwamfutar 2016 da ta 2018, alhali duka biyun suna aiki garau, ya yi wa masu sayar da sababbi daɗi ƙwarai. A ƙasashen Tarayyar Turai ƙungiyoyin kare masu saye sun matsa har aka sassauta musu sharuɗɗan ƙarin shekarar. Mu da kayan za su ƙare a hannunmu ba wanda ya tambaye mu. An rushe Agbogbloshie a 2021, amma ƙona waya don ciro tagulla bai tsaya ba, wuri kawai ya sauya, kuma da yawa daga yaran da ke shaƙar hayaƙin 'yan arewa ne, 'yan uwanmu. Muna da dokar sharar lantarki tun 2016. Hukumar Kare Muhalli da kwastan su ne za su iya bambanta kwantenar kayan aiki da kwantenar shara a Tema, Hukumar Tsaron Intanet kuma ita ya kamata ta fito da sanarwa da harsunan da masu kafe da hedimastoci ke ji, har da Hausa, tun kafin Oktoba.

Kafin nan, kwamitin makaranta ko mai shago ya ɗauki takarda ya zagaya, ya rubuta lambar furosesar kowace kwamfuta da aikin da take yi. Na zubi na 8 zuwa sama a sa musu SSD a hau Windows 11. Na ƙasa da haka kada a kashe musu ko sidi ɗaya a kan furosesa. Idan kuɗin kwamfuta ɗaya kawai ake da shi, a saya wa teburin da ake taɓa kuɗi da bayanan mutane. Wadda kuma za a sayar ko a bai wa 'yan gwangwan, a zare ma'ajinta a riƙe, domin goge fayil ba ya share shi, kuma mai ƙaramar manhaja yana iya dawo da hotunan katin kwastomominka cikin awa ɗaya.